Ajin kareti na Shotokan da nake zuwa: ra'ayina tsakani da Allah

In dai abin da ke ranka shi ne ka shiga yau gobe ka fara tashi sama kamar a fim ɗin Chanis, to riƙe kuɗinka kawai, wannan ajin ba naka ba ne. Shotokan ake koyarwa irin na gargajiya, kuma watannin farko ba abin da za ka yi sai kihon, tsayuwa da naushi da tare duka, ku yi layi ku je ku dawo ku je ku dawo sensei, wato malamin, na ƙirga ichi ni san (ɗaya biyu uku da Japananci) har cinyarka ta fara rawa. Tsayuwar nan ta zenkutsu dachi da ake lanƙwasa gwiwar gaba a miƙe ta baya, wallahi ita kaɗai ta kori rabin waɗanda muka fara tare.

Abin da ya riƙe ni shi ne mutumin ya san abin da yake koyarwa. Bayan an gama yakan zaunar da mu ya ba mu tarihi, cewa asalin abin daga tsibirin Okinawa ne, kuma Gichin Funakoshi ne ya kai shi Tokyo a 1922 ya nuna, daga nan ya zauna can yana koyarwa har ya rasu a 1957. Malamin Funakoshi, Anko Itosu, shi ya shigar da kareti makarantun Okinawa, shi ya tsara kata, wato jerin motsin da ake haddacewa, guda biyar ɗin nan na Pinan da mu a Shotokan muke kira Heian. Sai a lokacin na gane dalilin wannan layi-layin da ƙirgen, ai don a koya wa ɗalibai da yawa lokaci guda aka mayar da shi haka. Hatta farin kayan da bel mai launi daga judo na Jigoro Kano aka aro su. Ni dai irin wannan bayanin yana sa in ji abin da nake yi yana da tushe.

Sai maganar rusunawa, don na san ita za a fi tambaya. A al'adar dojo, wato ɗakin horo, ana sunkuyawa in za a shiga, in za a fita, da kuma gaban abokin karawa, sannan akwai wadda ake durƙusawa a sauke kai har kusa da ƙasa. To wannan ta ƙarshen gaskiya ta yi kama da sujada, kuma sensei da kansa ya cire ta, bango ma babu hoton kowa. Akwai wani bawan Allah da ko ta tsayen ba ya yi, hannu kawai yake ɗorawa a ƙirji, ba wanda ya taɓa ce masa don me. Nan kam na yaba.

Amma fa akwai inda suka gaza. Daɓen siminti ne tsurarsa ba tabarmar roba, ga shi ba takalmi ake yi ba, lokacin sanyi ƙafa duk ta tsage. Makiwara ɗaya tal, katako ne aka naɗe da igiya don koyon naushi, sai an bi layi. Kuɗin jarrabawar canjin bel daban yake da na wata kuma ba a faɗa maka ranar rajista, sai lokaci ya matso ka ji, haba don Allah. Sannan bunkai, wato a nuna maka amfanin kowane motsi na kata a kan mutum, ba a cika tsayawa a kai ba, ka haddace Heian Shodan tsaf amma ba ka san me kake tarewa ba. Mata ma ba su da lokacinsu daban, ƙanwata ta so shiga dole ta haƙura.

Kumite, wato karawa da abokin horo, ana yi, amma a hankali, mai taku biyar ake fara wa mutum, kuma ka kuskura ka kai wa wani duka da gangan za ka koma gefe ka zauna. Mai neman gasa da lambar yabo gara ya nemi wani kulob ɗin, nan ba a damu da ita ba, dama ko a Olamfik sau ɗaya aka sa kareti a Tokyo a 2021, a Faris 2024 babu shi.

Zan ba su huɗu cikin biyar. In za ka shiga ka tambayi kuɗin jarrabawa tun farko, kuma kar ka yi saurin sayen kayan kanti, tela ma zai ɗinka maka in ka samo yadi mai kauri, ka ce ya ninka ɗinkin hammata da na tsakiyar wando don nan ne ke fara yagewa.