Gwangwanayen filta sun kashe mana kutsen rifita, amma su ma da cinsu

Rifita uku nake kula da su, wato na'urorin da ke karɓar kiran oba-oba su sake watsa shi ya kai nesa, a kan turke ɗaya a bayan garin Kano, dukkansu a zangon mitocin rediyo na VHF. Ɗaya ta masu gadi ce, ɗaya ta direbobin manyan motoci, ta ukun kuma ta wata gona. Kowace idan ita kaɗai take aiki ba ka da abin cewa, murya tas. Rigimar tana tashi ne idan biyu suka buɗe a lokaci guda: sai masu gadi su riƙa jin muryar direbobi cikin ƙugi, rifitar ta maƙale ta ƙi sakin layi, wanda yake nesa da oba-obarsa a hannu ya yi ta kira ba a jin sa. Wannan ne ya sa muka sayi saitin filta, kuma tun da ya ga zafin bazara ya ga damina a wurinmu, ina ganin na isa in faɗi abin da na gani.

Kafin nan kowace rifita da eriyarta take, da ƙaramar dufileksa, wato na'urar da ke barin rifita ta watsa ta karɓa da eriya ɗaya, irin shafaffiyar nan da ake sa wa a mota. Ba laifinta ba ne, ba don wannan aikin aka yi ta ba. Abin da ta iya shi ne ta toshe mita ɗaya tak, wato ta hana rifita jin kanta. Duk abin da ya zo daga maƙwabta kuwa, ƙofa a buɗe take. A turken da kai kaɗai ne a kansa za ta yi maka shekaru ba ka ji kanta ba, amma da zarar an yi maƙwabtaka sai asirinta ya tonu.

Lissafin abin ba shi da wuya, kuma duk mai wannan sana'a ya kamata ya iya shi a bayan takardar siminti. Idan siginar na'urar watsawa ɗaya ta biyo eriya ta shiga cikin ɗayar, sukan cakuɗu su haifi sabuwar mita wadda babu wanda ya saita ta. Wadda ta fi cutarwa ita ce ninkin ta farko a cire ta biyu. A ce ɗaya tana watsawa a 167.5 megahaz, ɗayar a 170. Ninkin 167.5 shi ne 335, a cire 170, saura 165. To idan ita mai 170 ɗin tazarar megahaz 5 aka ba ta tsakanin watsawa da karɓa, a 165 ɗin take saurare. Ka ga ke nan ita da maƙwabciyarta sun haɗu sun ƙirƙiro siginar da take faɗowa daidai kunnenta, shi ya sa take maƙalewa har sai maƙwabciyar ta yi shiru. Namu tsarin kusan haka ya faɗa. Ga kuma gidajen rediyon FM, waɗanda Kano ba ta rasa su ba, suna tsakanin 87.5 da 108 megahaz da ƙarfin dubban wat. Idan aka samu biyu da tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da tazarar rifitarka, su ma za su iya haɗa maka irin wannan.

Akwai kuma kurumta, wadda ita ba ta ma yin ƙara balle ka san da ita. Na'urar karɓa mai kyau tana jin siginar da ba ta wuce rubu'in maikrobolt ba, alhali a gefenta ana zuba wat 50. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun ta haura desibel 160, desibel kuwa shi ne ma'aunin bambancin ƙarfin sigina. Kamar mutum ne yake ƙoƙarin jin raɗa a gindin injin niƙa. Ba za ka ji kutse ba, sai dai ka ga nisan da oba-oba take kaiwa ya ragu duk lokacin da wata rifitar ta buɗe.

Saitin da muka saya kashi biyu ne. A ɓangaren watsawa, kowace rifita tana bi ta aisoleta mai hawa biyu, sannan gwangwaninta, sannan duka ukun su haɗu su hau eriya ɗaya. A ɓangaren karɓa, eriya guda ce can ƙololuwar turke, ta sauko ta bi ta gwangwanayen tacewa, sai ƙaramar amfilifaya, sai a raba wa rifita ukun. Gwangwanin nan ba wani abin mamaki ba ne a ciki: tulu ne na ƙarfe da sanda a tsakiya mai tsawon rubu'in zangon igiyar rediyon. A 150 megahaz tsawon zangon mita 2 ne, rubu'insa santimita 50, shi ya sa gwangwanin VHF yake kai wa mutum gwiwa ko fiye. Mitar da aka saita shi a kanta yake bari ta wuce, sauran ya danne su. Iya kaurinsa, iya kaifin tacewarsa.

Abin da ya fi burge ni ba gwangwanin ba ne, aisoleta ce, duk da ita ce ƙarama a cikin kayan. Aikinta ta bar wuta ta fita zuwa eriya, duk abin da ya juyo daga can kuma ta karkatar da shi cikin wani dunƙulen da ke mayar da shi zafi. Ita muka fara ɗaurawa kafin sauran, don in ga me kowane zai yi shi kaɗai. Nan take maƙalewar nan ta tsaya. Na sa aka buɗe rifita biyun tare, na tsaya ina jiran ƙugin da na saba ji, shiru. Wani dattijo da na koyi aiki a hannunsa yana tare da ni ranar, na ce masa, "Baba, ashe wannan 'yar abar ce maganin?" Ya ce, "Rabinsa dai. Kar ka bar ta tsirara, sa mata gwangwani a gaba." Gaskiyarsa, domin ita kanta aisoleta tana haifar da ninkin mitar da ke ratsa ta, dole a sa filta a gabanta ta kama shi kafin ya kai eriya.

Gwangwanayen karɓa su suka kawar da kurumtar. Akwai wani shingen masu gadi da yake bayan tudu, wanda a da sai mai gadin ya hau kan tulin bulo ya ɗaga oba-oba sama kafin a ji shi. Yanzu daga zaune yake kira. Ba ƙarfin watsawa muka ƙara ba, raguwa ma ya yi. Kunnen rifitar ne ya buɗe. Mutane da yawa a nan suke ruɗewa: rifita mai wat 50 a saman turke kowa yana jin ta, amma oba-obar hannu wat 5 ce kawai da 'yar guntuwar eriya, ita ce ake wahalar ji. Duk desibel ɗin da ka ceto a wajen karɓa ya fi maka wat goman da za ka ƙara a wajen watsawa.

To sai cin nasu. Na sa na'urar awon wuta a bakin rifita na ga wat 50, na sa a bayan saitin na ga talatin ba kaɗan. Wannan ba lalacewa ba ce, haka abin yake: asarar desibel 3 rabin wutarka ke nan, kuma ko takardar kayan ba ta ɓoye cewa za a rasa wajen biyu zuwa uku ba. Madaukin da ke saman gwangwanin ana iya juya shi, ka rage asara tacewa ta yi faɗi, ko ka ƙara kaifi ka ƙara asara. Ba ka samun biyun tare. Mai gonar da ya ga lambar sai da ya ɓata rai, ya ce shi wat 50 ya biya wa kuɗi. Sai da na sa yaransa suka kira daga ƙarshen gonar ya ji da kunnensa sannan ya sauko. A wurin da sola da batir ne ke riƙe da kaya, wutar nan da ke tafiya a zafi abin lissafi ce, kuma ɗakin kayan ya ƙara ɗumi sosai.

Saiti kuwa a nan na fi jin haushi. An turo kayan da cewa an riga an saita su a kan mitocinmu. Da na auna, biyu sun goce, ko a hanya ne ko tun can. Goga ɗaya ta sandar, wadda ido ba zai ma gani ba, ta isa ta kai ka gefe. Ƙaramar na'urar awo ta NanoVNA ta taimaka wajen gano tsakiyar wucewar siginar, amma idan ana maganar danniya mai zurfin desibel 85 ko 90, ƙasan awonta ba ya kaiwa can, sai da muka aro babbar na'urar awo. Wanda ba shi da hanyar samun irin wannan, ya san cewa kuɗin mai saiti yana cikin kuɗin kaya. Kada kuma wani ya ce zai murɗa sandar alhali rifita tana watsawa da cikakken ƙarfi, 'yan yatsun ƙarfen da ke riƙe da sandar a cikin gwangwanin suna iya ƙonewa. 'Yan gajerun kebul ɗin da ke haɗa gwangwanayen su ma an yanka su ne a kan awo, ba a musanya su da duk wanda ya zo hannu. Takardar da ta zo da kayan ba ta faɗi wannan ba, shafi biyu ce kawai da zanen da ba ya karantuwa.

Inda na yaba musu shi ne juriyar yanayi. Ɗakinmu kwantena ce, a watan Afrilu idan waje ya haura digiri 40 ciki ba ya shiguwa, da hunturu kuma asuba sanyi. Ƙarfe yana miƙewa yana tsukewa, shi ya sa gwangwani mai kyau ake yi masa sandar saiti da inba, gamin ƙarfe da nikel wanda zafi ba ya cika motsa shi. Na sake aunawa bayan bazara, gocewar ba ta kai a taɓa ba. Ƙurar hunturu ba ta shiga ciki, a kan mahaɗai kawai take taruwa.

Kuɗinsu da dala ne, kuma jimillar ta kusa sayen wata sabuwar rifitar. Ga nauyi, ga cin wuri, sai da muka fitar da teburi daga ɗakin.

Akwai abin da ba su warkar ba, kuma ba za su warkar ba. Da damina ta sauka, duk lokacin da iska ta kaɗa turken sai mu ji ƙaras-ƙaras a layin direbobi. Na bi kayan ɗaki kaf ban samu komai ba. A sama abin yake: wani tsohon maƙalin eriya da aka bari ya yi tsatsa, ga wayar ɗaure turke tana gogar ƙarfe. Mahaɗar ƙarfe mai tsatsa tana cakuɗa sigina kamar yadda na'ura take yi, kuma abin da ta haifa idan ya faɗo daidai mitar da kake saurare, gwangwani zai buɗe masa ƙofa ne kamar kowane kira na gaskiya. Muka kwance tarkacen, muka ɗaure abin da ya saki. Muka kuma cire wani kebul mai saƙar waya a kan fallen alminiyom, irin wanda yake da kyau a wasu ayyukan amma yake ƙara idan watsawa da karɓa suna kusa, muka sa mai rufin tagulla zalla, da mahaɗai masu ruwan azurfa maimakon na nikel. Wasu abokan aiki sautin sirrin nan na CTCSS suke sa wa su ce sun yi magani. Shi rufe maka lasifika kawai yake yi kada ka ji, kutsen yana nan yana danne mai kira daga nesa. A rifitar dijital irin ta DMR ma ba ƙugi za ka ji ba, sai dai murya ta riƙa yankewa.

Wanda rifita ɗaya gare shi a turken da babu kowa, kuɗinsa ya fi amfani a eriya mai kyau da kebul. Wanda yake da biyu ko fiye, ko yake haya a turken da wasu suke kai, ya fara da aisoleta da gwangwani a kan kowace na'urar watsawa, sannan na karɓa idan aljihu ya bari. Mu dai yanzu muna neman a canza wa ɗaya daga cikin rifitocin mita, don lissafin nan na 165 ya daina faɗowa a kanmu tun daga tushe, kuma idan an ba mu sai an sake saita gwangwaninta daga farko.