Hilux ƙirar 2005 zuwa 2015 a hanyar daji: inda take da ƙarfi da inda take ba da kunya

Duk wanda ya zaga garejin Farin Gada da ke Jos da safe zai ga Hilux iri-iri, amma wadda masu tafiyar daji suka fi tambaya a kanta ita ce ƙirar 2005 zuwa 2015 mai ƙofa huɗu, wadda ake kira Vigo. Dillalai za su ce maka ba ta lalacewa. Tana lalacewa kamar kowace mota. Abin da ya raba ta da sauran shi ne wuraren da take ciwo sanannu ne, kuma da wuya ka sami bakanike tsakanin Jos da Gembu da bai taɓa kwance su ba. Ga mai niyyar barin kwalta ya shiga ƙauyukan bayan Wase, ko ya bi Serti ya hau Mambila, wannan ya fi kujerar fata amfani.

Inji uku aka fi gani. Akwai na fetur mai lita 2.7, wato 2TR-FE, sai na gas (dizal) guda biyu, 2KD mai lita 2.5 da 1KD mai lita 3.0. Na gas sun fi ja a hawa, sun fi tsimin mai, amma nozul ɗinsu ba ya haƙuri da gurɓataccen mai ko kaɗan, kuma gyaransa ba aikin gefen hanya ba ne. Suna kuma da bel ɗin taimin da ake canzawa a kilomita 150,000. Na fetur sarƙa gare shi, ba ruwanka da wannan lissafi. Aibinsa shan mai: da kaya a baya, lita ɗaya ba ta wuce kilomita 7 zuwa 8, a yashi ko taɓo ma ba ta kai haka. Tankin na ɗaukar kusan lita 80, don haka jarka biyu ta ƙarfe mai lita 20 ba almubazzaranci ba ce. Duk da haka, ga wanda wataran dole ya sha mai a hannun 'yan bumburutu, na fetur ne zaɓi. Mai na gas kuwa, in fitilar matatar mai ta kama, ya tsaya nan take, ya kwance magudanar da ke ƙasan matatar ruwan ya tsiyaye, ya ɗaure, ya danna famfon da ke samanta har ya yi tauri, sannan ya tayar.

Ogzilerinta, wato giyar da ke sa tayu huɗu su ja, na hannu ne: H2 tayun baya kaɗai ke ja, H4 duka huɗun, L4 duka huɗun da ƙarfi amma a hankali. Ba ta da abin da ke raba gudu tsakanin gaba da baya, shi ya sa barin ta a H4 a kan busasshiyar kwalta ke murɗe farfela (sandar da ke kai juyin inji ga tayu), sitiyari ya yi nauyi a kwana, tayu su riƙa kuka. A sa H4 a burji, laka ko yashi kawai. L4 sai an tsaya cak an taka kuloci. Kuma a sa shi kafin a shiga wurin da ake tsoro, ba bayan mota ta zauna a kan cikinta ba.

Taya ce ke tsayar da yawancin tafiye-tafiye, ba inji ba. Kafin saye a duba lambobi huɗu na ƙarshe da ke bayan rubutun DOT a gefenta: 2322 na nufin mako na 23 a shekarar 2022. Tayar da ta haura shekara biyar ko shida, ko zanenta na nan daram, robarta ta bushe, kuma duwatsun Filato ba sa yi mata sassauci. Iskar da ake tafiya da ita a kwalta ta yi yawa a burji. A rage zuwa wajen PSI 26 a geji, a yashi mai laushi zuwa 18 ko 20, a kuma rage gudu. Wannan na nufin sai da gejin iska da ƙaramin famfo mai aiki da batir, wanda ake maƙala wa kan batir kai tsaye, domin na ramin sigari saurin zafi yake yi yana ƙona fiyus.

Facin igiya, wanda ake yi da magogi, allura da igiya mai danƙo, aikin minti goma ne. A zuba ruwan sabulu a ga inda kumfa ke tashi, a zare ƙusar da fulaya, a zura magogin a ramin a yi ta turawa ana ja har ya yi sumul. A saƙala igiyar mai danƙo a allurar, a tura har saura kamar tsawon gaɓar yatsa a waje, a fizge allurar a miƙe ba tare da murɗawa ba, a yanke ragowar, a ba ta iska. Wannan na ramin da ke kan zanen taya ne kaɗai. Yanka a gefe ba ya facuwa, komai rantsuwar mai faci. Safayar tana rataye a ƙarƙashin bodi da sarƙa, kuma nan ne masu Hilux ke shan mamaki: taɓo da tsatsa kan cinye marikin, ranar buƙata ya ƙi sauka. A sauke ta a gida, a shafa girisi. A kuma ɗauki guntun katako mai kauri, don jak ba ya tsayuwa a ƙasa mai laushi.

Sai zafi. Kan lagireton roba ne, in ya tsufa yakan tsage kusa da wuyan murfi. A ƙarshen damina kuma 'ya'yan ciyawa kan toshe gabansa har iska ta kasa wucewa, allura ta fara hawa a hankali. In ta hau, a tsaya, kada a taɓa murfin sai injin ya huce sosai; ruwan da ke ciki ya wuce tafasa. Abin da ya fi ɓata rai shi ne al'adar cire tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, da sunan wai ƙasarmu da zafi. A Jos, da sanyin Disamba, injin da aka cire wa shi ba ya kai zafin aikinsa, sai ya yi ta shan mai a banza. Fanbel ɗin mai fetur guda ɗaya ne, shi ke juya famfon ruwa da altaneta, in ya tsinke tafiya ta ƙare. A sayi sabo a ɗaura, tsohon a jefa bayan kujera, a kuma ɗauki hoton yadda ya zagaya kafin a cire.

Ƙafar gaba ita ce raunin motar na gaskiya. Boljoyin na ƙasa (gaɓar da ke riƙe ƙafar taya), tayarod da robar shaf duk suna shan wuya a hanya mai kunya-kunya. Robar shaf in ta yage, girisi ya fice, yashi ya shiga, sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas a kwana. In an gano da wuri, a wanke, a cika girisi, a naɗe da yankin tsohon tub a ɗaure; zai kai gari. Boljoyin kuwa ba ya da dabara. A ɗaga motar, a sa ƙarfe a ƙarƙashin taya a ɗaga, in da wasa a canza kafin tafiya. A Dilimi, inda ake sayar da kayan gyaran mota a Jos, za a nuna maka kala uku ko huɗu a farashi daban-daban, kwalayensu kusan iri ɗaya. A nan kam arha ba ta ado, domin in ya fita taya lanƙwashewa take yi ƙarƙashin mota tana cikin gudu.

Bayanta sifirin ne na ganye, mai ƙarfi amma mai dukan baya in babu kaya. Fasinjan kujerar baya zai faɗa maka. Nauyin da mai ƙofa huɗu ke iya ɗauka bai wuce wajen tan ɗaya ba, har da mutanen ciki. Lodin da ya wuce haka shi ke karya ganye ko notin tsakiya, aksul ya goce, motar ta riƙa tafiya a karkace kamar kaguwa.

Birki lafiya lau, matuƙar ba a dogara da shi kaɗai ba. A gangaren Hawan Kibo, ko saukowa daga Nguroje zuwa Serti, a sa giya ta biyu ko ta uku injin ya riƙe motar. Man birki na tsotsar laima, in ya tsufa sai ya tafasa a doguwar gangara, feda ta tafi ƙasa ba komai. A canza shi duk shekara biyu. Bayan ƙetare rafin da ya rufe aksul, a kwance notin aksul ɗin a duba mansa: in ya koma kalar koko, ruwa ya shiga, a juye a zuba sabo, a kuma buga wa farfela girisi.

Wanda tafiyarsa Jos zuwa Abuja ce a kan kwalta, kuɗin man Hilux da tsallenta ba za su burge shi ba, ƙaramar mota ta fi masa. Wanda zai kwana a inda babu sabis ɗin waya, ya nemi mai fetur, mai giyar hannu, ya kuma shiga ƙarƙashinta da tocila ya duba shasi kafin a yi maganar kuɗi, domin da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa sun gama aikin kamfanonin hanya ne aka fesa musu sabon fenti.