Littattafan koyon haɗa kompaila: wanne za a fara buɗewa?

Duk ɗalibin kimiyyar kwamfuta da ya tambayi manya a nan Sakkwato littafin da zai koyi haɗa kompaila, wato manhajar da ke fassara shirin kwamfuta zuwa abin da na'ura ke ganewa, amsa ɗaya yake samu: “Nemi mai hoton dodo.” Suna nufin Compilers: Principles, Techniques, and Tools na Aho da Sethi da Ullman, wanda ya fito a 1986, aka sabunta shi a 2006 tare da Monica Lam. Ina da shi, na hoto ne da aka ɗaure da zare, shafukansa sun kai dubu, wasu zane-zanen sun dushe sai na bi su da biro.

Littafi ne na malamai, ba shakka, Aho da Ullman ma sun karɓi kyautar Turing ta 2020, babbar lambar yabo a kimiyyar kwamfuta. Amma mai farawa zai sha wuya. Babi na 4 kaɗai, inda ake gina teburan LR da ake tantance nahawun shirin kwamfuta da su, ya isa ya sa mutum ya ninke littafin ya tafi shan fura. Ka yi ta karatu, lissafi na shiga kai, hannunka bai taɓa madannai ba.

Wanda ya yi mini rana shi ne Crafting Interpreters na Robert Nystrom, da aka buga a 2021. Kyauta yake a intanet, na sauke shafukansa a waya don lokacin da wuta ta ɗauke. Za ka gina ƙaramin harshen rubuta shirin kwamfuta mai suna Lox har sau biyu: da Java tukuna, sannan da C, inda za ka rubuta na'urar da ke gudanar da baitkod (gajerun umarni da aka fassara shirin zuwa gare su), da sashen da ke share ƙwaƙwalwar da aka gama amfani da ita. Kowane layi yana cikin littafin, har da bayanin fayil ɗin da zai shiga. Ranar da harshena ya lissafa jerin lambobin Fibonacci, sai da na kira ƙanena ya gani, ya dubi baƙin allon ya ce, “Yaya, duk daren nan wannan kake yi?”

Aibinsa: bai kai ka ga fitar da lambobin da ainihin na'ura ke karantawa ba, rabon rejista (ƙananan ma'ajiyoyin cikin firosesa) kuwa babu shi sam. A nan ne mai dodon ke shigowa, ko Engineering a Compiler na Cooper da Torczon, wanda bayaninsa ya fi sauƙin haɗiya. Kafin ka fara rabi na biyu na littafin Nystrom, tabbatar ka iya C sosai, musamman fointa, wato mai nuna adireshin abu a ƙwaƙwalwar kwamfuta.