Yadda aka gyara mini ɗan taransifon garmaho a nan Yamai

Salamu alaikum jama'a. Sati 3 kenan da aka gyara mini garmahon marigayi babana, na bari ne in gani ko gyaran zai riƙe kafin in yi magana, to alhamdu lillahi ya riƙe.

Kayan dai Technics SL-1200 MK2 ne, irin wanda aka fara fiddawa a 1979, kan allurar kuma Denon DL-103 wadda aka ƙera ma gidan rediyon NHK na Japan tun 1962. Ita wagga allura murya gare ta mai daɗi amma ƙarfinta kaɗan ne ƙwarai, milibolt 0.3 kawai take bayarwa alhali ƙofar phono ta anfili tana jiran wajen 3 zuwa 5, shi ya sa ake sa wani ɗan akwati, wato taransifon, tsakaninsu ya ninka siginar. Ba a jona shi da kuran, ba ya cin batir, waya ce kawai naɗe kan ƙarfe.

Da hunturun bana ya fara ba ni matsala. Sifikar hagu ta yi magana ta ɗauke, ga wani gurnani huuu ƙasa-ƙasa kamar tsohon firigo da dare. Na kai ma wani mai gyara wajen Katako, yana jin na ce taransifo sai ya ɗauka irin na maida 110 zuwa 220 ne ya shiga neman inda zai ba shi wuta, wallahi gabana ya faɗi na karɓe abina. Ban ga laifinsa sosai ba don bai taɓa ganin irinsa ba, amma da ya jona da wayar ciki ta ƙone nan take kuma ba inda zan samu wani a garin nan.

Wani abokina ya haɗa ni da wani dattijo a Bukoki, tsohon ma'aikacin gidan rediyo ne ya yi ritaya. Ya ce in kawo kayan duka har anfili. Abin da ya burge ni bai taɓa sukurdireba ba sai da ya saurara. Ya musanya wayoyi biyu, ja da fara, a bayan anfili, matsalar ta koma sifikar dama. Ya ce to anfili da sifika sun fita. Ya sake musanyawa a inda wayar garmaho ke shiga akwatin, matsalar ba ta gusa ba tana nan dama, ya ce allurarka ma lafiyarta lau yarona, ciwon na cikin akwatin nan. Minti 10 bai cika ba.

Na ce Baba ba za a auna da mita ba? Ya girgiza kai ya ce mita wutar batir take turawa, ƙarfen ciki na iya riƙe maganaɗisu sauti ya canza, wayar kuma ta fi gashin kai siranta. Da ya buɗe sai ga jar ƙura ta cika ɗan makunnin akwatin da ake zaɓar om 3 ko om 40 da shi gwargwadon allura (om ma'aunin turjiyar waya ne), haƙoransa sun yi baƙi. Ya miƙo mini madubin ƙara girma ya nuna mini gindin soket ɗin hagu, dalmar ta tsage ta zagaye ƙafar kamar zobe, in ka taɓa waya sai ka ga tana motsi. Ya wanke makunnin da alkol, ya sake dalma da ƙarfe mai ɗan siririn baki, yana sa shi yana ɗagawa da sauri kar zafi ya kai ga wayar.

Ya kuma tarar na bar makunnin kan 3. Ni don ya fi ƙara nake barinsa nan, ashe allurar om 40 gare ta, kan 3 shaƙe ta yake yi muryar ta dushe. Kan 40 ninki 10 ne, om 47,000 na anfili allurar tana ganinsu kamar 470, nan take sakewa.

Gurnanin kuwa sai da ya biyo ni gida. Wayar mas, wadda ke haɗa jikin ƙarfen kayan don kashe kugi, ta yi tsatsa ya kankare, sannan ya ga na ɗora akwatin bisa anfili daidai saman babban taransifonsa, kugin kuran ɗinmu yana shiga kai tsaye. Ya sauke shi gefe kamar kamu 1, yana juya shi a hankali kunnensa jikin sifika har ƙarar ta kwanta.

Inda ban ji daɗi ba, kwana 9 kayan suka yi wurinsa kuma ba ya ɗaukar waya sai ka taka da ƙafarka. Jika 8 ya karɓa, ban ga tsada ba ko kaɗan. In ka ƙure murya ba faifai akwai ɗan kugi har yanzu amma daga kujera ba a jinsa.

Daren da aka gama na sa wani tsohon faifan rumba na Kongo da babana ke so, inna ta fito daga ɗaki ta zauna bakin ƙofa har ya ƙare ta ce in juya bayansa. Dattijon mai gyara ya ce bakin allurar ya fara cinyewa kuma irin wannan ba a canza shi shi kaɗai, don haka yanzu mai zuwa daga Faransa nake cigiya.