Na gwada phyphox wajen koyar da faɗuwar abu daga sama

Shekara da shekaru ina koya wa ɗalibai cewa dutse babba da ƙarami tare suke isa ƙasa, suna rubutawa a littafi, amma na san zuciyarsu ba ta yarda ba. Matsalar agogo ce. Abin da aka saki daga tsayin mita 2 yana taɓa ƙasa cikin daƙiƙa 0.64, yatsan yaro kuwa kafin ya danna agogon hannu ya cinye kusan daƙiƙa 0.2. Kowane rukuni sai ya kawo amsa daban.

Wannan zangon na sauke phyphox a wayata, manhajar kyauta ta jami'ar RWTH Aachen da ke Jamus, kuma tana aiki ba tare da data ba. Abin da ya fi burge ni shi ne agogonta mai jin sauti: ƙara ta farko ta tayar da shi, ta biyu ta tsayar.

Muka ɗora boris a bakin rula a tsayin mita 2, muka ajiye farantin ƙarfe a ƙasa. Ɗaliba ta buge rular, boris ya faɗo, kwaram! Sau biyar muka maimaita, lokacin bai wuce 0.63 zuwa 0.65 ba. Da suka yi lissafi, saurin da jan ƙasa ke ƙarawa ya fito dab da mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Sai muka sa ƙwallon tebur, ta ɗauki kusan 0.67. Wani yaro daga baya ya ce, "Malam, iska ce ta riƙe ta ko?" Wannan tambayar nake jira tun farkon shekara. Daga nan na nuna musu bidiyon ɗan sama jannati David Scott a duniyar wata a 1971, inda guduma da gashin tsuntsu suka sauka tare saboda babu iska.

Dabarar tana son shiru. Tari ɗaya ko jan kujera sai agogon ya tsaya, don haka sai ka ɗaga ma'aunin ƙarar da yake ji. Ka kuma ajiye wayar tsakanin rula da faranti, domin sauti ma yana ɗaukar lokaci kafin ya iso. Takarda shimfiɗaɗɗiya ba ta ƙara in ta sauka, ita da ido muka gwada.

Makarantarmu ta hana ɗalibai zuwa da waya, tawa kaɗai muka yi ta zagayawa da ita, darasin ya ci zama biyu. Zango mai zuwa zan aro ta abokan aiki uku.