Uranium na Arlit da albasar Galmi

In ana lissafin abin da Nijar ke fitarwa waje, uranium ake fara ambata. Tun 1971 ake haƙo shi a Arlit, kuma kafin juyin mulkin 2023 akan loda shi a manyan motoci zuwa tashar jirgin ruwa ta Kwatano a Benin, daga nan sai Faransa. Kuɗinsa na shiga baitulmali, amma hannuwan da ke taɓa shi kaɗan ne, farashinsa kuma a wata duniya ake yankewa. Da aka rufe mahaƙar Cominak a 2021, ɗaruruwan magidanta a Akokan, kusa da Arlit, suka wayi gari ba aikin yi.

Albasa kuwa, ni ita ce ke burge ni. Je ka Galmi ko Madawa da rani ka ga buhuna jibge a bakin titi, ƙamshi ya cika gari. Manomi ya ci, mai ban-ruwa ya ci, ɗan dako da dillali da direba duk sun samu, kafin kaya su isa Akara, Kumasi ko Abijan, inda galibi 'yan uwa Hausawa ne ke karɓa. Kuɗin nan kai-tsaye yake shiga tukunyar gida.

Sai dai albasa ba ta da haƙuri. Lokacin girbi farashi ya faɗi warwas, wanda ya adana a rudu, wato rumbun albasa, kuma yana kwana da fargabar ruɓewa. Rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin 2023 ya ƙara wa direbobi kwanaki a hanya, kowace rana kuwa buhu na raguwa.