Kafin ka sayi littafin wasan labari na tebur, duba wanda zai riƙe linzami

Wanda zai sayi littafin wasan labari na tebur, inda kowa ke ɗaukar matsayin wani jarumi ana jefa dayis, ya kamata ya fara auna jagoran wasansa, wato mai ba da labarin yana tafiyar da wasan, kafin kyan bango ya ruɗe shi, domin kowane littafi da irin jagoran da aka rubuta shi dominsa.

Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, ya ɗora kusan komai a wuyan jagora: shi ke tsara gari da dodanni, shi kuma ke yanke lambar da dayis mai fuska 20 zai kai kafin a ce an yi nasara. Cikakken saitinsa littattafai uku ne, saboda haka kuɗin ba kaɗan ba ne. Ya dace da jagora mai son shiri, amma a nan haɗarin yake, don wanda ya kwana uku yana zana kogon dodo ba ya jin daɗi idan 'yan wasa suka ce su kasuwa za su nufa, sai ka ga gada ta karye, hanya ta toshe, har a koro su bakin kogon ko suna so ko ba sa so.

Apocalypse World na 2010 ya sakar wa 'yan wasa mara, har ya hana jagora tsara ƙarshen labari tun da wuri. Dayis biyu ake jefawa masu fuska shida, irin na lido, a haɗa da makin jarumi: 10 zuwa sama nasara ce, 7 zuwa 9 nasara mai tafe da asara, 6 zuwa ƙasa kuwa jagora ya sami damar jefo matsala. A ganina wannan ya fi sauƙin shiri, sai dai yana gajiyar da wanda ba shi da saurin ƙirƙira nan take.

Idan kuma babu mai son jagoranci, akwai Fiasco na 2009, wanda mutum uku zuwa biyar ke bugawa ba jagora, su gama a zama ɗaya. Ga sabon shiga da bai san halin abokan wasansa ba, ƙaramin akwatin koyo na Dungeons & Dragons ya isa gwaji kafin a sayi manyan littattafan.